Inshorar Shiga Uku

Ranar Laraba Mahamudu ya sabunta takardun motarsa, ranar Asabar bishiya ta faɗa mata.

Yana ɗaki yana cin tuwo da miyar ayoyo, bayan la'asar, sai guguwar farkon damina ta taso daga gabas, irin wadda take zuwa Tamale kowace shekara ta bi gida-gida tana duba wanda bai ɗaure kwanon rufinsa da kyau ba. Can sai aka ji wata ƙara kamar tifa ta juye duwatsu a ƙofar gida. Matarsa Zuhuratu ta leƙa ta taga, ta yi salati, ta juyo ta tsaya tana kallonsa.

"Maigida, darbejiyar Mma Asana."

"Me ta yi?"

"Ta kwanta."

"A ina?"

Zuhuratu ta nuna ƙofar gida da haɓa. Duk unguwar Moshi Zongo an san inda Mahamudu yake ajiye tasinsa: ƙarƙashin darbejiyar maƙwabciyarsa Mma Asana, tsohuwar da ke sayar da koko da ƙosai a gindinta. Ya dubi lomar da ke hannunsa, ya ga an riga an tsoma ta a miya, ba ta komawa kwano. Ya kai baki. Ya cinye sauran malmalar, ya wanke hannu, ya nemi takalminsa, ya fita bayan ruwan ya tsagaita.

Motar Opel ce, ta girmi 'yarsa ta fari, kuma 'yar tana da yara biyu. Bishiyar ta sauka a tsakiyarta daidai, kamar da igiya aka auna. Rufin ya gangaro ya gaisa da kujerar baya, ƙofofi biyu sun buɗe da kansu sun ƙi rufuwa, tayoyin baya sun baje. Gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa amma bai zube ba, ga sababbin sitiku uku a jikinsa suna ƙyalli: ta inshora, ta rodiwodi da ke shaida motar lafiyarta ƙalau, da ta harajin wata uku masu zuwa. Teburin Mma Asana ma ya tafi, da bencinta ɗaya.

Mutane suka taru. Aka yi ta innalillahi, ana satar kallonsa, ana jira ya yi abin da ake yi. Shi ma jira yake. Ya laluba ƙirjinsa kamar mai neman canji a aljihun tsohuwar riga, bai taɓo komai ba. Ya san motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumfarsa ta kasuwa. Ya san yana da shekara hamsin da huɗu da tabarau, kuma babu mai mota a garin nan da zai miƙa mukulli ga mai furfura alhali samari na layi. Duk ya sani, kamar yadda mutum yake sanin labarin da aka karanta a rediyo game da wani gari.

"Ba komai," ya ce wa jama'a. "Akwai inshora."

Ya faɗe ta da kwanciyar hankali, domin a kan inshora Mahamudu malami ne.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da ya fara riƙe sitiyari da sunan kansa, akwai wani Abdulfatawu da ke yawo tashar tasi da jakar fata yana yankar wa direbobi takardu. Shi ya ce masa inshora iri biyu ce. Akwai babba, ta masu hali. Akwai kuma tad-fati, "wato ta uku, ita ce taku." Mahamudu bai tambayi dalilin sunan ba. Me zai tambaya? Duk wanda ya sha Hausa a nono ya san uku. In wuta ta ci rumfar mutum, hannu yake ɗorawa a ka ya ce na shiga uku. In kaya suka nutse a kogi, uku ce. Sai ya ɗauka Bature ma ya san wannan lamba, har ya yi mata takarda: ka riƙa biya duk shekara, ran da ka shiga uku su zo su fitar da kai.

Da a cikinsa ya bar wannan ilimi, da da sauƙi. Amma ya karantar da shi. Duk sabon direban da ya shigo tasha yana ƙorafin tsadar takardu, Mahamudu yakan zaunar da shi a kan benci, ya ce, "Kai yaro ne. Ka san abin da ya sa ake ce mata ta uku?" Ya yi wannan karatu ga Dagombawa, ya yi ga Mosawa, har wani Bafrafre ya taɓa saya masa shayi don godiya.

Ranar Litinin ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zuba takardu a leda, ya tsaya bakin titi. Keke mai ƙafa uku ya tsaya masa, yalo-yalo, irin waɗanda suka kwashe masa fasinjoji tun shekarun baya. Ya shiga ya matsu tsakanin wata mata mai buhun albasa da wani ɗan makarantar jinya, ya biya kuɗinsa kamar kowa.

Ofishin kamfanin yana bene na biyu, da sanyi kamar cikin firij. Bai taɓa shiga ba, kullum wakili ne ke kawo masa sitika tasha. Aka nuna masa wata budurwa mai ɗankwali shuɗi a bayan kwamfuta, an rubuta Najat a ƙirjinta. Ta fara da Turanci, ta dubi hularsa, ta juya Hausa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ku zauna. Kilem za ku yi, wato neman diyya?"

"Haɗari aka yi."

"Ayya. Allah ya kiyaye gaba. Wa kuka buge?"

"Ban buge kowa ba. Shekara ashirin da biyu ko kaza ban taka ba."

Wannan gaskiya ce in an cire wata zabuwa a hanyar Savelugu, ita ma ya tsaya ya yanka ta kafin ta cika, aka ci da shinkafa.

"To ku aka buge ke nan. Kun ɗauki lambarsa?"

"Ba shi da lamba. Darbejiya ce."

Najat ta ɗaga hannu daga kan kwamfuta. Ya miƙa mata wayarsa, ta ga hoto, ta ce subhanallahi, ta tambaya ko akwai mutum a ciki. Ya ce babu. Ta ce alhamdulillahi, ta karɓi takardarsa, ta buga lamba, ta ɗan jima tana kallon allon fiye da yadda karatun yake buƙata.

"Baba, taku tad-fati ce."

"Ita ce. Ta uku."

"Eh. To ita ba ta biyan gyaran motarku."

Ya gyara zama, ya yi mata murmushin da yake yi wa sababbin direbobi. "Yarinya, ke sabuwa ce a nan?"

"Shekarata huɗu."

"To kira mini babba."

"Zan iya kiransa, amma abin da zai faɗa ke nan, da Turanci." Ta ɗaga yatsu uku. "Ku duba nan. Mutum na ɗaya, ku ne, mai mota. Mutum na biyu, mu ne, kamfani. Mutum na uku shi ne wanda motarku ta buge, ko ta fasa masa kaya. Shi muke biya. Shi ya sa ake cewa ta mutum na uku."

Mahamudu ya dubi yatsan nan na uku. Akwai lalle a kansa.

"Wane ne shi?"

"Wa?"

"Na ukun."

"Ba a san shi ba tukuna, Baba. Sai ranar da kuka buge shi."

"Ni ma ban san shi ba."

"Eh."

"Amma shekara ashirin da biyu ina ciyar da shi."

Najat ta sauke hannu. Na'urar sanyi ta yi ta huci a kansu.

"To ni da na shiga ukun fa?" Ya tambaya a hankali, ba da faɗa ba, don dai a rufe maganar. "Ai na ɗauka sunanta ke nan. Wanda ya shiga uku."

Ya ga lokacin da ta gane. Ta kai bakin ɗankwalinta ta rufe baki, kafaɗunta suka motsa sau ɗaya, ta danne. 'Yar mutunci ce, iyayenta sun yi aiki.

"Baba, ba wannan ukun ba ne."

"Na ji."

"Wallahi ba dariya nake muku ba."

"Ki yi abinki. Da ni ne a kujerar nan da na yi."

Ya juya ya kalli taga. A ƙasa wata baƙar jif tana fakin, doguwa kamar ɗakin kwana, direba ya zagayo yana buɗe wa mai ita ƙofa.

"Wancan fa, in ta uku ya yanka, nawa yake biya?"

"Ya danganta. Amma mota ta gida ba ta kai tasi tsada ba."

"Ni na fi shi biya?"

"Tasi kullum tana kan titi, Baba. Ta fi shiga haɗari."

"Ki zo tasharmu wata rana ki gani. Tun da yalo-yalo suka shigo gari, motata ta fi kujerar nan taki zama wuri ɗaya. Shi wancan in ya taka mutum, sai a kwashe da shebur. Ni in na buge mutum, shi zai tashi ya taya ni turi."

"Ba ni na tsara ba."

"Na sani. Wanda ya tsara ba ya zama inda za a same shi."

Ta sake duba kwamfuta, kamar tana nema masa wani abu da zai riƙe ya sauka bene da shi. Ta kuwa samo.

"Kuna da rangwame mai kyau fa. Saboda ba ku taɓa yin kilem ba, duk shekara ana rage muku."

"Yanzu da na zo fa?"

"Ai ba ku yi kilem ba. Rangwamenku yana nan. In za ku sabunta baɗi, za ku same shi."

"Madalla," in ji Mahamudu.

Ya tambaye ta harajin wata uku da ya biya ranar Laraba, harajin kuɗin da motar za ta samo, tunda yanzu ba za ta samo ba. Ta ce wannan ba ofishinsu ba ne, kuma ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya je can ya dawo da wani abu a hannu ba, amma ya gwada. Ya ce to. Bai gwada ba. Ta raka shi har bakin bene, ta ce Allah ya mayar da alheri, ya ce amin, ya riƙe ƙarfen matakala saboda gwiwa.

A gida ya tarar an kawo masu injin yanka, sun gutsuttsura darbejiyar. Mma Asana tana zaune a kan bencin da ya tsira tana cinikin itacen da wata mai dafa wace, wato shinkafa da wake. Zuhuratu tana tsince shinkafa a tire.

"Yaushe masu inshorar za su zo?"

"Ba za su zo ba."

Ta jira bayani. Ya cire hula ya rataye.

"Irin tamu ba ta wannan ba ce," ya ce.

"Ta mece ce?"

"Ta wani ce."

Zuhuratu ta dube shi, ta dubi tiren, ta fitar da wani ɗan dutse ta jefar. "To," ta ce. Shekara talatin suna tare, ta san lokacin da rijiya ba ta da ruwa, ba ta ɓata guga.

Da yamma Wumpini ya zo jaje. Abokin aikinsa ne a tasha, Badagombe mai 'ya'ya biyar, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a bencin Mahamudu. Ya zagaya motar yana girgiza kai, ya dawo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Masta, Allah ya so kana da ta uku. Jiya ma ina faɗa wa yaran tasha, na ce ku ga amfanin abin da Masta yake koya mana. Yanzu da ba shi da shi fa?"

Mahamudu ya buɗe baki. Maganar tana nan, gajera ce, yatsu uku kawai take buƙata. Ya duba ko zai ji kunya, ko tausayin mutumin nan da ya gaskata shi shekara goma sha ɗaya. Abin da ya ji shi ne ƙafarsa ta dama ta yi sanyi, ya motsa ta.

"Wumpini."

"Na'am, Masta."

"In za ka yi fakin, ka riƙa duba sama."

"Gaskiya ne, Masta," in ji Wumpini, ya tafi da wannan ma.

Washegari Andani ya zo daga Kasalgu a kan babur, da akwatin sifanu a baya. Shi ne bakaniken da ya riƙe ran motar nan shekara da shekaru, da waya da roba da addu'a. Ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya buga ƙarfen tsakiya da sifana ya saurara kamar likita.

"Masta, motan ka ya mutu."

"A gyara fa?"

"Bayan shi ya karye. In na miƙe shi, zai tafi kaman kaguwa. Kuɗin da za ka sa, ka sayi wani." Ya goge hannu a wando. "Inshora ya ce me?"

Mahamudu ya gaya masa, a taƙaice, ban da zancen uku. Andani ya saurara, ya dubi kututturen bishiyar, ya dubi tarkacen teburin Mma Asana da aka jingine a bango. Idonsa ya yi haske. Ya matso, ya rage murya.

"To ai sauƙi ne. Su suna biya in motan ka ne ya yi laifi, ko? Sai mu ce motan ka ne ya buge itace. Birki ya tsinke, ka daki itace, itace ya faɗi, ya fasa tebur na tsohuwa, da tukunya, da benci, da bango kaɗan. Tsohuwa shi ne mutum na uku. Su biya shi, ku raba. Ni zan cire birki yanzu-yanzu, minti biyar."

Mahamudu ya juya maganar a ransa. Ba zai ce tsoron Allah ne ya fara zuwa masa ba, ko da yake daga baya, in ana hira, haka zai so a ce. Abin da ya fara zuwa masa lissafin direba ne. Ya dubi kututturen, mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu. Ya dubi Opel.

"Andani, motar nan ce za ta ka da wannan bishiya?"

"A takarda."

"Ɗan sandan da zai rubuta takardar, Moshi Zongo zai zo. Wa zai tambaya da bai taɓa tura motar nan da safe ba? Limaminmu ya tura ta. Mma Asana da kanta ta tura ta, da zani a ɗaure. Motar da in ta ga tudun rage gudu sai na yi mata bisimilla."

Andani ya sosa ƙeya. "Gaskiya, ba ya da ƙarfi."

"Kuma gabanta ko ƙwarzane babu."

"Wannan zan iya sa mishi."

"Bar ta. Ba ta buge kowa ba tana da rai."

Andani ya ɗaga kafaɗa, ya zauna a kan akwatinsa, suka koma maganar da ta rage. Inji zai saya, da giyar motar, da fitilu, da tayoyin gaba. Gangar jikin kuwa sai 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Ya faɗi abin da duka zai kama. Mahamudu ya ji adadin. Ba zai sayi mota ba, ba zai sayi rabin yalo-yalo ba. Zai dai riƙe gidan zuwa bayan babbar salla, in Zuhuratu ta ci gaba da tsince shinkafarta da kyau.

"Yaushe?" ya tambaya.

"In ka yarda, yau."

Ya leƙa cikin gida. Zuhuratu tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta gyara ɗaurin zaninta.

"Kwance," in ji Mahamudu.

Kafin azahar an fitar da injin an ɗora a kan babur mai akori. 'Yan kondem suka zo su uku da guduma da sikeli, suka fara aiki ba sallama mai tsawo. Mahamudu ya tsaya a rana yana kallo, hannuwa a baya, kamar wanda aka gayyata duba aikin wani. Da suka zo kan kujerar direba, ya ce su dakata.

"Wannan ku cire mini ita."

Babbansu ya dube ta. Soson ya lotsa a tsakiya daidai girman mutum ɗaya, an ɗinke gefen da zaren buhu.

"Alhaji, akwai ƙarfe a cikinta fa. Sai mu rage a kilo."

"Ku rage."

Suka ɗora ta a sikeli, suka rage, suka miƙa masa. Ya rungume ta ya kai ƙofar gida ya ajiye. Da babu ƙarafan da ke riƙe ta a mota, sai ta kwanta baya, dole ya nemo bulo biyu ya tokare. Ya zauna. Ta karɓe shi yadda ta saba. Daga nan ana ganin titi sosai yanzu, tunda babu bishiya, kuma rana tana dukan wurin ba shamaki.

Zuhuratu ta fito da tsintsiya, tana bin ɓaraguzan gilashi da suka watsu har bakin ƙofa, saboda jikoki. Ta share dama da shi, ta share hagu, ta tsaya a gabansa.

"Ɗaga ƙafa."

Ya ɗaga duka biyu. Ta share ƙarƙashinsa, ta tara a gefe, ta kwashe a tsohon kwali, ta shige ciki. Ta manta ba ta ce ya sauke ba, shi ma ya jima bai tuna ba.